Raguna na lasar katanga: dutsen lasa ko kanwa?

Na Gezawa: Salamu alaikum. Raguna uku nake turkawa don babbar sallah. Ga dusa ga harawa, na ba su maganin tsutsa sati uku da suka wuce, amma ba sa cikowa, sai lasar katanga. Kuɗina kaɗan ne. In sayi dutsen lasa, wato dunƙulen gishiri mai sinadarai da dabbobi ke lasa, ko kanwa ta isa?

Baba Mai Shanu: Tsutsa ce. Ba su magani.

Malamin Gona: Baba, ai ya ce ya bayar. Ɗan'uwa, abinci ba ya zama nama sai sinadaran jiki da ake kira inzayim sun sarrafa shi, da yawansu kuma ba sa aiki sai da mataimaki, kamar zink, tagulla ko bitamin. Ƙwayoyin cikin tumbin rago ne ke haɗa bitamin B12, amma sai sun sami wani sinadari da ake kira kobal. In babu shi, ci ya ragu, dabba ta rame. Kanwa ba ta cike wannan gurbin.

Inna Mai Tumaki: Ɗana, bi a hankali. Bara na sayi dutse a kasuwa, ba takarda a jikinsa, ashe na shanu ne. Wata biyu tumakina na lasa lafiya lau. Rana ɗaya tunkiyata mai ciki ta kwanta, ido rawaya, fitsari ja kamar zoɓo. Kafin la'asar ta tafi, washegari biyu suka bi ta. Da su zan yi wa 'yata kayan ɗaki. Har yau ba na son shiga garken nan.

Malamin Gona: Allah ya mayar da alheri, Inna. Tagullar da ke cikin dutsen ce. Hantar tunkiya tara ta take yi, abin da saniya za ta ɗauka sai ya kashe tunkiya.

Ɗan Ringim: Naira 4,500 na sayi dutsen lasa a Wudil.

Sarkin Turka: Wane 4,500? A Maigatari 8,000 aka ce min!

Baba Mai Shanu: Shekara arba'in ina kiwo da kanwa. Malamin takarda ya taɓa kwana a garke?

Autan Dambatta: Na Gezawa, ka yi wa katangar siminti kafin su rushe maka gida.

Inna Mai Tumaki: Masu shanya maganin dabbobi a rana fa, wa ke duba su?

Ɗan Ringim: Ga masu cakuɗa dusa da ɓuntun shinkafa. Jiya rabin buhuna ɓuntu ne.

Na Gezawa: To jama'a, ya zan gane dutsen tumaki?