Intalok mai kusurwa biyar ya ƙi haɗuwa, ina matsalar take?

Ɗan Bolari:
Slm ƴan uwa, dan Allah masu lissafi ku taimaka. Ni sana'ata buga bulo da intalok a nan Gombe, wani Alhaji ne ya ce a shimfiɗa masa tsakar gida da mai kusurwa biyar, wai kowa mai shida yake sawa shi yana so nasa ya fita daban. Kafin in kai wa mai walda ya haɗa min mazubi sai na yanka kwali na gwada, gefunan duk tsayi ɗaya, wlh duk yadda na juya su sai an bar ɗan giɓi siriri a tsakani, in na ƙara na huɗu kuma ya hau kan sauran. Yankana ne bai yi ba ko dama abin ba ya yiwuwa?

Malamin Lissafi:
Wslm ɗan uwa, almakashinka ba shi da laifi. Ka duba inda bakin bulolin suke haɗuwa waje ɗaya, dole kusurwoyin su cika digiri 360 cif kafin wajen ya rufe. Mai kusurwa uku kowace kusurwa 60 ce, shida sun cika. Mai huɗu 90, huɗu sun cika. Mai shida 120, uku sun cika. To mai biyar ɗinka 108 ce, uku su ba ka 324, saura 36, shi ne giɓin da kake gani, huɗu kuma 432 sun wuce gona da iri. Shi ya sa in dai gefuna da kusurwoyi duk ɗaya ne, kuma iri ɗaya za ka jera, waɗannan ukun ne kaɗai suke rufe fili, ko ina a duniya. In Alhaji zai yarda a gauraya, mai takwas biyu da mai huɗu ɗaya suna cikawa, 135 da 135 da 90.

Baban Sadiq:
Ai Malam sai da na karanta wannan na tuna ƙwallon nan mai baƙi da fari ta gasar kofin duniya ta 1970 a Meziko, ai mai biyar ne baƙaƙen, guda 12, fararen masu shida guda 20, kuma ba giɓi ko ɗaya. Ya aka yi su suka haɗu?

Injiniya Yalwa:
Baban Sadiq saboda ƙwallo ba a shimfiɗe take ba ne. A kowace mahaɗa akwai mai biyar ɗaya da mai shida biyu, 108 da 120 da 120, wato 348, saura 12, sai maɗinki ya ja bakin ya ɗinke, wannan jan shi ke sa fatar ta lanƙwashe ta zama dunƙule. Da da mai shida zalla aka ɗinka ta da tabarma za a samu ba ƙwallo ba. Mu nan Bauchi a ajin kemistiri da ita ake nuna mana wani ƙwayar sinadari mai atam ɗin kabon 60 da aka gano a 1985, tsarinsa sak na ƙwallon, waɗanda suka gano shi har Nobel suka ci a 1996. Shi kuwa bakin fensir kabon ɗinsa mai shida ne zalla a shimfiɗe falle kan falle, shi ya sa yake goguwa a takarda ya bar rubutu.

Maman Hanifa:
Ku dai kun tafi kemistiri kun bar bawan Allah da Alhajinsa. Oga kar ka ce masa ba ya yiwuwa, mai biyar yana rufe fili in ba a ce dole kusurwoyin su zama ɗaya ba. Iri 15 aka sani, na ƙarshen a 2015 aka samo shi, kuma huɗu daga ciki wata matar aure ce a Amurka, Marjorie Rice, ta gano su a shekarun 1970 tana zane a gida ba digiri ba komai, ni abin nan yana burge ni sosai. Akwai wanda ake kira shimfiɗar Alƙahira saboda da shi aka yi wa wasu titunan birnin daɓe, ni a ganina ya fi mai shidan nan kyau nesa ba kusa ba.

Ɗan Bolari:
Allah ya saka da alheri Hajiya, to na Alƙahiran nawa ne awonsa? Mai waldan nan in ba lamba ka ba shi ba sai ya yi maka nasa.

Malamin Lissafi:
Ka ce masa kusurwar sama 120, biyun da ke biye da ita dama da hagu 90 kowacce, biyun ƙasa 120 kowacce. Gefe huɗu tsayinsu ɗaya, na ƙasan ne gajere, in dogayen santimita 20 ne shi ya zama 14.6. Wajen jerawa ƴan 90 su haɗu huɗu-huɗu, ƴan 120 uku-uku. Ka fara gwadawa da kwalin tukunna, kuma ya rage ɗan kaɗan a kowane gefe saboda yashin da za ka share a tsakani.