Kazar da ta fara zubar da gashi: a yanka ko a jira?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum jama'ar gida. Cikin kajina bakwai, biyu sun koma kamar an fige su da rai, kullum sai na share gashi a tsakar gida. Sati uku ke nan ban ga ƙwansu ba. Maigidan ya ce sun gama amfani, a yanka kafin su shafa wa sauran. Me kuka gani?

Kawu Mai Akurki: Wa alaikumus salam. Maigida ya yi gaskiya. Hunturu ya kama, kowa kuma ya san abin da yake zuwa da shi. Bara fakat, annobar kajin nan, ta share min akurki cikin kwana biyar. Kazar da ta fige ta daina ƙwai, dusa kawai take cinye miki. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta.

Hajiya Babba: Haba Kawu, yaushe fakat ta fara fige kaza? Wadda fakat ta kama takurewa take yi, kashi kore, numfashi da ƙyar, wata har wuyanta ya murɗe. Ke 'yata, suna ci? Suna tono?

Maman 'Yan Biyu: Ci kamar me, Hajiya. Su ne ma gaba in na watsa dawa.

Hajiya Babba: To sabon gashi suke yi. Tun ina gidanmu nake ganin haka.

Malamin Gona: Ina bayan Hajiya, amma da sharaɗi. Kaza takan sake gashi kusan sau ɗaya a shekara da zarar ta haura shekara guda. Yana farawa daga kai da wuya, ya gangaro ƙirji da jiki, fiffike da wutsiya su zo daga baya. Gashin nan kusan duk furotin ne, wato sinadarin gina jiki, ƙwai ma furotin yake ci, jikinta ba zai ɗauki biyun lokaci ɗaya ba, sai ta ajiye ƙwai. Wata biyu zuwa uku, ta dawo. In ta dawo ƙwan yakan fi girma, sai dai yawansa ba zai kai na shekarar farko ba.

Kawu Mai Akurki: Wata uku! Malam, kai za ka sayo mata dusar? Ka san nawa kwanon dawa yanzu?

Ɗan Auta: Ni na gani a intanet cewa gajartar rana ce ke jawo shi. Kaza na son haske na awa 14 zuwa 16 kafin ta yi ƙwai sosai. A sa musu fitila a akurki kawai, Anti.

Malamin Gona: Maganar haske gaskiya ce, gidajen gona ma suna kunna wa masu ƙwai fitila. Amma waɗanda suka rubuta abin da ka karanta a Ingila ko Amurka suke, inda rana ke gajarta ƙwarai lokacin sanyi. A Kano, tsakanin rana mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa ɗaya da rabi ba. Abin da ya fi karya ƙwai a nan zafin bazara ne: Maris zuwa Mayu kaza na haki, ta rage ci, ɓawon ƙwai ya yi laushi. Sai yunwar rani, lokacin da ƙwari da ɗanyen haki suka ɓace.

Mai Zabi: Shi ya sa nake dariya in an ce yanayi ba ruwansa da ƙwai. Zabina ba sa saka ko ɗaya sai ruwa ya sauka. Da an yanka kowace zabuwa da ta yi shiru da rani, da ba wanda zai ci ƙwan zabi da damina.

Kawu Mai Akurki: Zabo daban, kaza daban. Zabo a daji yake kiwon kansa.

Hajiya Babba: Kawu, duk kazar da ta yi kwanci ma tana fige ƙirjinta, ta zauna kwana 21, ta yi rainon 'ya'ya ba ƙwai. Ita ma yankawa kake yi?

Malamin Gona: Ga sharaɗin da na ce. Maman 'Yan Biyu, ki kama su da dare ki haska da tocila. In kin ga tsinken sabon gashi yana tsirowa, sakewa ce, kuma ki riƙe ta a hankali don yana mata zafi. In fatar ta yi ja, da ƙananan ƙwari a ƙarƙashin fiffike ko gindin wutsiya, ƙwarƙwata ce, ƙuma kuwa a fuska take maƙalewa. Sai a share akurki, a zuba toka da yashi su yi wanka. In gadon baya da ƙeya kaɗai suka fige, ki tuhumi zakara. Abinci kuma a ƙara musu ƙuliƙuli dakakke, gara, ko garin kifi. Rigakafin fakat dai a yi wa duka, akwai mai suna I-2 na cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ake ɗigawa a ido.

Kawu Mai Akurki: Wannan na rigakafin na yarda. Da na yi bara da ban yi kuka ba. Amma tsohuwar kaza mai shekara uku, ko ta yi sabon gashi, tukunya ce gidanta.

Malamin Gona: A kan mai shekara uku ba zan ja da kai sosai ba. Nata fa?

Maman 'Yan Biyu: Shekara ɗaya da rabi. Na duba yanzu. Baƙar duk tsinken gashi ne a wuyanta. Jar kuwa bayanta ne kawai a fige, har da ƙarzuwa. Zakaruna uku ne fa.

Hajiya Babba: Uku a kan kaji bakwai? Ɗaya ya ishe su har da ragi.

Kawu Mai Akurki: To ai ga naman maigida nan ya samu. A fara da wanda ya fi cara da asuba.