Rimot da Raspberry Pi don fitila da fankar ɗakin Hajiya, wa ya taɓa haɗawa?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Ina da Raspberry Pi 4, ƴar ƙaramar kwamfutar nan, da na saya tun bara ina ɗan koyon abubuwa da ita, yanzu na ɗora mata Home Assistant, manhajar sarrafa kayan wutar gida, har na haɗa fitilar tsakar gida da fankar falo ina kunnawa daga wayata, kuma lafiya lau suke aiki. To amma wadda na fara aikin dominta ita ce har yanzu ba ta amfana ba, wato Hajiyarmu. Ciwon gwiwa ya matsa mata, makunnin ɗakinta kuma yana can bakin ƙofa, in ta kwanta bayan isha'i sai ta yi ta ƙwala wa yara kira su zo su kashe mata fitila, in babu kowa a kusa haka za ta dafa bango ta taka da kanta, wallahi abin yana damuna. Wayarta ƙarama ce mai madannai, ba ruwanta da ta shafawa. So nake in samu ɗan rimot da za ta ajiye kusa da filo, danna ɗaya fitila, danna ɗaya fanka, in da hali har da injin ruwan bohol. Wane iri zan nema? Bluetooth ɗin da ke jikin Pi ɗin zai wadatar? Kuma dole sai da data?

Mai Sola Kawo:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ni dai shawarata ka bar maganar Bluetooth, gidajenmu na bulo ne, bango biyu uku ya fara yankewa. Ka nemi rimot na Zigbee, wata hanyar sadarwa ce ta iska tsakanin na'urorin gida, sai ka sayi ɗan dongul na USB mai karɓar saƙonsa ka soka a Pi ɗin, manhajar da za ta haɗa su kuma a cikin Home Assistant akwai ZHA ko ka sa Zigbee2MQTT, duk wanda ya fi maka sauƙi. Ba ya buƙatar data ko kaɗan, a cikin gida ake komai, ko netwok ya ɗauke Hajiya za ta kashe fitilarta. Batirin ma ɗan fale-falen nan ne irin na makullin mota, yana daɗewa sosai don rimot ɗin barci yake sai an danna.

Abu ɗaya da ya wahalar da ni sati guda, kar ka soka dongul ɗin kai tsaye jikin Pi. Zigbee a 2.4GHz yake, kuma ramukan USB 3 ɗin nan masu shuɗi suna dama masa lissafi, ni ina dannawa sau uku kafin ya amsa sau ɗaya har na ɗauka jabu aka sayar min. Ashe igiyar ƙari kawai yake so, kamar mita ɗaya, a baƙin rami, ka nisanta shi da rauta. Tun daga nan shiru kake ji.

Baban Amira, mai wayarin:
Ɗan'uwa ni ban san harkar kwamfutar nan sosai ba amma shekaruna da yawa ina wayarin daga Unguwar Rimi har Rigasa, ka saurare ni a kan injin ruwan nan. Ƙananan rile ɗin da kuke sakawa, wato makunnan da kwamfutar ke kunnawa da kashewa, za ka ga an rubuta 10A a jiki, ka ce ai ya isa, to injin ruwa lokacin tashi yana jan wuta ninkin abin da yake ci in yana gudu, rile ɗin zai yi ta zafi har wata rana ya manne, injin ya ƙi mutuwa tanki yana ambaliya kuna barci, ko ma ya narke. Kontakta za a sa, wato babban makunni mai jure wuta mai yawa, rile ɗin ya riƙa kunna kontaktar kawai ita kuma ta ɗauki nauyin.

Sannan ka buɗe akwatin makunnin ɗakin Hajiya ka duba, bayan ka kashe wuta daga babban layi fa, yawancin tsofaffin gidaje laif ce kawai ke saukowa makunni babu nutural, kuma da yawa daga cikin na'urorin nan sai da nutural. Fanka kuma kar ka sa mata abin rage hasken fitila, kuka za ta yi ta yi, ka bar mata regiletarta. Babban abin da zan roƙe ka, kar ka cire makunnin bango. Ranar da kwamfutar ta tsaya kana wajen aiki, tsohuwa ba za ta zauna a duhu tana jiranka ba.

Ummu Barnawa:
Mu na 433MHz muka sa wa Babanmu, irin rimot ɗin get mai madanni huɗu, ya fi araha kuma yana ratsa bango. Sai dai shi ba ya gaya maka ko saƙon ya isa, kuma ana iya kwafar lambarsa, don haka kar a haɗa shi da ƙofa. Abin da ya fi taimakonmu ba ma na'urar ba ce, jan farce na mata na ɗiga a madannin fitila, na fanka na manna masa ɗan salatef yadda zai gane da laluɓe cikin dare. Ka kuma kula da ɗauke wuta, memorin Pi ɗinmu sau biyu yana lalacewa kafin muka mayar da ita layin inbata, yanzu ina ajiye bakof a filash.

Ɗan Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Baban Amira gaskiyarka, yanzu na buɗe akwatin, waya biyu ce kawai ba nutural, don haka zan kira mai wayarin mu ja daga silin, makunni kuma yana nan ba zan taɓa shi ba. Injin ruwan na jingine shi tukuna sai na samu kontakta. Pi ɗin dama tana kan inbata da cajarta ta asali mai 5V 3A. Mai Sola, in na ɗauki Zigbee ɗin, daga falo zuwa ɗakin Hajiya bango uku ne, zai kai kuwa?

Mai Sola Kawo:
Zai kai in sha Allah, in ya gaza ka sa soket ɗaya na Zigbee a ɗakin tsakiya, masu cin wutar gida suna miƙa saƙo gaba. Amma shi ma ka tabbatar yana layin inbata.