Ruɓewar kayan gwari: kowa ya faɗi abin da ya gani

Ɗan gwari, Yankaba: Assalamu alaikum. Makon jiya na sauke karas da kabeji daga Jos. Kafin kwana biyu ƙasan buhunan ya koma ruwa, ga wari kamar me. Wa ya taɓa shawo kan wannan masifa?

Manomin albasa, Aliero: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Tamu ta wuya take farawa. Wata shekara na ga kasuwa ta tashi, na cire albasa ganyenta yana ɗanye, sauran na jibge a rumbu. Allah kaɗai ya san abin da na kwashe na zubar. Yanzu ina yanke ban ruwa tun kafin cira, in bar ta ta sha iska sai wuyan ya bushe ya tsuke. Wadda fartanya ta sara kuwa, tukunyar gida ce makomarta.

Ɗalibar aikin gona: Baba, kun gano bakin zaren. Ƙwayar cutar, Pectobacterium, ta rauni take shiga, ta narkar da danƙon da ya riƙe naman kayan. A ɗakin gwaji mun shafa ta a yankakken dankalin turawa, kwana biyu ya zama kunu. Abin da masu bincike ke nema yanzu shi ne peptaid, wato ƴan guntayen furotin da halittu ke kare kansu da su. Huda jikin ƙwayar cutar suke yi ta mutu. Akwai magainin, da aka samo a fatar wani kwaɗon Afirka a 1987. Akwai nisin, wanda aka daɗe ana sa wa cuku da abincin gwangwani, amma shi kaɗai ba ya cin wannan ƙwaya sosai, don tana da wata riga ta waje. Kuma haɗa su akwai tsada, shi ya sa yawanci ba su wuce matakin gwaji ba.

Dillalin tumatir, Kwanar Gafan: Ni dai kwandon saƙa na daina. Shi ke soke tumatir tun kafin mota ta kai Legas. Na koma kwandon roba, ina wankewa bayan kowace tafiya, asarar ta ragu.

Ɗan gwari, Yankaba: Na gode ƙwarai. Ashe yaran nan da ke jefo buhu daga saman mota su ke jawo min. Malama, maganar kwaɗon nan ta tsaya tsakaninmu, kada masu sayen kabeji su ji.