Wai mai faɗin ƙugu ba ta shan wuyar haihuwa?

Gwaggo: Ku kwantar da hankalinku a kan amaryar nan. Ku dubi ƙugunta, tubarkalla. Irinsu ba sa daɗewa a kan gwiwa, haka muka taso muka ji.

Anti Nas: Allah ya sa, Gwaggo. Amma kar ta fasa zuwa awo. Ƙugun da ido yake gani daban, hanyar da yaro yake bi daban.

Yaya Tela: Ni dai ina bayan Gwaggo. Kullum cikin awon mata nake, wata inci 36, wata 48. A ce duk wannan tazarar ta banza ce?

Anti Nas: Tef ɗinki kitse da tsoka yake zagayewa, Yaya. Mu ramin da ke tsakiyar ƙashin ne ya dame mu. Bakinsa daga gaba zuwa baya wajen santimita 11 ne, gefe zuwa gefe wajen 13. Faɗin kan jariri kuwa wajen 9 da rabi. Shi ya sa sai ya sunkuyar da kai, yana saukowa yana juyawa, ƙasusuwan kansa har suna ɗan hawa kan juna. Siririya tana iya samun wadataccen rami, mai jiki kuma ta rasa.

Auta: A ajinmu a Jami'ar Bayero (BUK) an ajiye mana ƙashin ƙugu biyu. Na mace gajere ne mai faɗi, bakinsa kusan zagayayye. Na namiji dogo ne mai kauri, a tsuke. Ƙasan mahaɗar mara, na mace a buɗe yake, na namiji a matse. In aka tsinci ƙwarangwal, nan ake fara dubawa kafin ƙoƙon kai.

Kawu: To haƙarƙari fa? Ba an ce namu ya gaza na mata da ɗaya ba?

Auta: A'a Kawu, 24 ne kowa, 12 dama 12 hagu.

Gwaggo: Yawwa Auta, ai ka faɗi maganata. Faɗi don haihuwa aka yi shi.

Anti Nas: Tsakanin mace da namiji, ƙwarai kuwa. Tsakanin mace da 'yar'uwarta mace ne ido ba ya iya rabewa. Kuma ba ƙashi kaɗai ba ne: akwai girman yaro, da kwanciyarsa, da ƙarfin naƙuda. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shekaru. Yarinya takan gama tsawo, ta cika ido, alhali ƙashin ƙugu bai gama buɗewa ba. Haka wadda ƙashinta ya lanƙwashe tun tana ƙarama saboda ƙarancin abinci mai gina ƙashi. Kan yaro ya tokare kwana da kwanaki, ya danne mafitsara har naman wurin ya mutu, sai yoyon fitsari. Ku leƙa cibiyar Laure a Asibitin Murtala da ke Kano, masu wannan lalurar ake yi wa aiki.

Yaya Tela: Subhanallahi. To sikanin ba ya nunawa tun da wuri?

Anti Nas: Yana nuna kwanciyar yaro da ƙiyasin nauyinsa. Amma ko zai wuce ko ba zai wuce ba, galibi sai naƙuda ta kankama ake ganewa. Shi ya sa muke so a fara ta a inda za a iya tiyata in ta ƙi gaba.

Gwaggo: Ni fa ban janye ba. Ungozomar unguwarmu da kallo ɗaya take faɗa, kuma ba ta cika kuskure ba.

Kawu: Waɗanda ta kuskure ɗin, Gwaggo, wa ya ƙirga su?