Balas ɗin fitiluna na mutuwa da zafi: in huda murfi ne, ko in sa fanka?

Mai_Kula_da_Sito ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'ar wuta. Shawara nake nema a kan balas na ilektironik, wato na'urar da ke kunna ƙwan fitila tana daidaita wutar da ke shiga shi, da ke cikin dogayen fitilun wani babban sito da nake kula da wutarsa. Fitilun masu ƙwai biyu ne, kowane ƙwai wat 36, a cikin gidan roba mai murfi da gaskit, irin wanda ruwa da ƙura ba sa shiga. An ɗaure su kai tsaye a jikin ƙarafan da ke riƙe da rufin kwano. Babu silin, kuma tsakanin bayan fitila da kwanon bai fi faɗin tafin hannu ba. Suna kunne tun safe har dare.

Balas ɗin ba sa daɗewa. Fitila takan fara da jinkirin kamawa, daga nan sai ƙyaftawa, wata rana kawai a tarar ta mutu. Duk wanda na ɓalle na duba, abu ɗaya nake gani: babbar kafasitar nan mai bolt 400 kanta ya kumbura, wata ma har ta zubo wani ruwa mai launin ƙasa a gindinta, sannan bod ɗin ya yi duhu a ƙarƙashin taransistoci biyun, masu lamba 13005. Fitilun layin tsakiya, inda rufin ya yi tozo, su suka fi mutuwa. Na bakin ƙofa kuwa har yau na asali ne a ciki.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, an cire cok, wato tsofaffin balas masu nauyi na naɗaɗɗiyar waya, ne don an ce na ilektironik ba sa zafi. To shi cok ɗin, hannu ba ya iya jimre taɓa shi, amma shekara da shekaru yana aiki. Wannan da bai kai shi zafi ba shi ne ke mutuwa. Me ya sa?

Abu uku nake tunani: in huda ramuka a murfin fitilar don iska ta riƙa shiga, ko in sa ƙaramar fanka a ciki, ko in ɗaura wa taransistocin farantin alminiyam mai shan zafi. Wanne ya fi? Hawa tsani a wurin nan ba ƙaramin aiki ba ne, ina son gyaran da zai zauna.

Tsohon_Injiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Ka yi bayani yadda ya kamata, shi ya sa amsar ta zo da sauƙi.

Ba ƙarya aka yi maka ba. Cok guda na ƙwai mai wat 36 yana ɓarnatar da wajen wat 8 zuwa 10 a matsayin zafi, biyu kusan wat 20 ke nan. Na ilektironik mai ɗaukar ƙwai biyun gaba ɗaya bai cika wuce wat 6 zuwa 8 ba. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Cok wayar tagulla ce da ƙarfe kawai. Duba jikin tsohon za ka ga an rubuta tw 130, wato wayar cikinsa za ta iya zama a digiri 130 tana aiki ba tsayawa har shekara 10. Na ilektironik kuwa yana da kafasita mai ruwa a ciki, kuma ruwan nan a hankali yake bushewa ta bakin robar da ta toshe gindinta. Da zarar ya ragu, sai kafasitar ta ƙara yi wa wuta turjiya, turjiyar ta haifar da ƙarin zafi a cikinta, zafin ya ƙara busar da ruwan. Haka za a yi ta zagaye har kanta ya kumbura kamar yadda ka gani.

Akwai ƙa'idar da masu ƙera kafasita suke aiki da ita: duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwarta biyu, duk ragin digiri 10 yana ninka ta. Ɗauki wadda aka ƙera don awa 2000 a digiri 105. A digiri 95 awa 4000 ce, a 85 awa 8000, a 75 awa 16,000, a 65 awa 32,000. Yanzu ɗauki wadda aka rubuta wa digiri 85 da awa 2000 ɗin: a digiri 75 awa 4000 kacal za ta yi. Fitilar da ke kunne awa 12 a rana tana cin awa 4380 a shekara. Ka ga ko shekara guda ba za ta cika ba.

Kafin ka huda komai, ka auna. A jikin kowane balas na kirki akwai ɗan ɗigo da aka rubuta tc kusa da shi, da lamba, galibi 70 ko 75. Wannan shi ne iyakar zafin da kwankon balas ɗin, wato gidansa na waje, zai kai a daidai wurin. Akwai kuma wata lambar mai haruffan "ta", iyakar zafin iskar da ke kewaye da shi, sau da yawa 50. Manyan kamfanoni sukan ce balas zai yi awa 50,000 muddin ɗigon nan bai wuce lambarsa ba. Ka manna wayar auna zafi da ke zuwa da mita a kan ɗigon, ka fito da ita ta gefen gaskit, ka rufe murfin kamar kullum, ka bar fitilar ta yi awa uku ko huɗu tana ci, ka karanta da tsakar rana. Da murfi a buɗe awon banza ne. Kuma kada ka dogara da bindigar auna zafi a kan ƙarfe mai ƙyalli, ƙasa da gaskiya take nunawa, sai dai in ka manna baƙin tef a wurin ka harba a kansa.

Abu na biyu da nake so ka duba, yadda balas ɗin ya zauna. A cikin irin fitilarka akwai dogon farantin ƙarfe da ƙwayayen suke hawa, shi ne babbar hanyar da zafin balas ke bi ya fita. Ƙarfe ya fi iska tsayayya kai zafi kusan sau 2000, alminiyam kuma ya ninka ƙarfen wajen sau huɗu. Idan akwai rata ko ta kaurin farce ce tsakanin gindin balas da farantin, iskar da ke ratar ta zama masa bargo. Dole gindin ya kwanta sosai, sukuru biyu a ɗaure tamau, babu waya ko zoben roba na sukuru a ƙarƙashi.

Kada kuma ka manta su ƙwayayen kansu. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na wutar da suke ci ke zama haske, saura zafi ne, kuma a cikin rufaffen gida ɗaya suke da balas. Ga kwano a sama yana sako nasa. Shi ya sa layin tozo ya fi mutuwa, don can iska mai zafi ke taruwa.

Dalma_da_Bod ya amsa:

Baba Injiniya ya gama magana a kan kafasita, Allah ya ƙara basira. Ni dai a ganina, Malam, ka huda kawai. Ramuka a gefe biyu, iska ta shiga nan ta fita can. Na sha yi wa akwatunan caja da inbata haka kuma suna samun sauƙi.

Maganar farantin alminiyam kuwa, yana taimakawa amma ka yi hattara. Irin jikin da 13005 take da shi, idan babu faranti, kowane wat ɗaya da ta ɓarnatar yana ɗaga zafin cikinta da digiri 60 da 'yan kai sama da iskar da ke kewaye. Iyakarta 150. To in iskar cikin kwankon ta kai 80, da wat ɗaya kacal kana gab da iyaka ke nan. Amma ƙarfen bayanta mai rami a haɗe yake da ƙafar tsakiya, akwai wuta a jikinsa, wadda kan haura bolt 300. Ba a haɗa biyun a faranti ɗaya sai an sa abin da ke hana wuta wucewa, kamar takardar maika ko fatar silikon, a tsakani, kuma farantin kada ya taɓa kwanko. Sannan kafasitar tana riƙe caji bayan an kashe wuta, ka sauke ta da resista ka auna kafin ka sa yatsa.

In za ka canja kafasita, ka nemi mai digiri 105, mai bolt 450 in wurin zai ɗauka, ka ɗan karkatar da ita nesa da taransista da ƙaramin koyil ɗin nan, don su ne masu zafin bod ɗin.

Tsohon_Injiniya ya amsa:

Ɗan'uwana Dalma, duk na yarda da kai ban da hudar. Wanda ya zaɓi fitila mai gaskit a sito ya san akwai ƙura ko danshi a wurin. Ka huda, ƙura ta shiga ta kwanta a kan bod da ƙwai, ta haɗu da danshi ta zama hanyar wuta tsakanin ƙafafun da ke ɗauke da ɗaruruwan bolt. Ga ƙwari da haske ke jawowa. Kuma iska mai zafi sama take tashi, ramukan gefe a fitilar da ke kwance ba sa jan iska kamar na akwatin inbata da ke tsaye. Iskar ma da za ta shigo, ta ƙarƙashin kwano ce.

Fanka ma haka. Ana sa ta a manyan balas na fitilu masu wat 600 ko 1000, masu jikin alminiyam mai haƙarƙari, don su zafin da suke fitarwa gomman wat ne. A kan wat 7 kuwa, ka ƙara wani abu ne mai juyawa wanda zai iya riga balas ɗin mutuwa, a wurin da ba a kaiwa sai da tsani. A cikin rufaffen gida ma iskar nan mai zafi kawai za ta riƙa juyawa.

Uwar_Mita ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Ƙari biyu gare ni, Malam. Ka duba bakin ƙwayayen. Ƙwan da bakinsa ya yi baƙi ya kusa ƙarewa, yana jan wuta ta gefe ɗaya fiye da ɗayan, kuma wannan yana gasa taransista. Balas masu kyau suna da kariyar da ke kashe kansu idan sun ji haka, masu sauƙin ƙira ba su da ita, sai su yi ta fama har su ƙone. Duk lokacin da ka sa sabon balas, ka sa masa sababbin ƙwai.

Na biyu, ka auna ƙarfin wutar da ke isa layin. Bolt 230 idan aka miƙar da ita tana zama wajen 325 a kan kafasita. In wutar tana haurawa sama, kafasita mai 400 ba ta da sarari sosai, taransistocin ma zafinsu ƙaruwa yake.

Mai_Kula_da_Sito ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Injiniya, na bi yadda ka ce. A jikin balas ɗin an rubuta tc 75, ta 50. Na zaɓi fitila ɗaya a layin tozo, na manna wayar a kan ɗigon, na rufe murfi. Da rana ta take, mita ta nuna 88.

Da na buɗe na duba zamansa, sai na ga ashe balas ɗin ya fi ramukan tsohon cok tsawo, don haka wanda ya yi aikin canjin ya ɗaure kai ɗaya da sukuru, ɗaya kan kuma da igiyar roba mai zugewa, har wayoyi biyu sun bi ta ƙarƙashinsa. Da na haska tocila ta gefe, haske yana ratsawa tsakanin gindinsa da farantin. Na janye wayoyin, na huda sabon rami a farantin ƙarfen na ciki, na ɗaure shi ya kwanta. A lokaci irin na farko ya nuna 80. Sai na kwance fitilar daga jikin ƙarfen rufin, na rataye ta da sarƙa ta sauko wajen rabin mita. Yanzu 71 yake nunawa. In lissafin digiri 10 ɗin nan ya tabbata, ragin 17 ya ninka rayuwar kafasitar sama da sau uku, kuma ban taɓa murfin ba.

Hajiya Uwar Mita, ƙarfin wutar lafiya lau, amma maganarki ta ƙwai gaskiya ce, da yawa a layin bakinsu ya yi baƙi, zan canja su tare.

Saura tambaya ɗaya. Na ga wasu balas da aka cika cikinsu da wani baƙin abu mai tauri, ba a ganin bod ɗin sam. Waɗannan sun fi jure zafi ne? In haka ne, su zan nema wa layin tozo.

Tsohon_Injiniya ya amsa:

Madalla ɗana, 71 ya shiga ƙarƙashin 75, amma tazarar kaɗan ce, ka sake aunawa a lokacin da zafin shekara ya fi tsanani.

Cikon da ka gani, wani kwalta ne da aka gauraya da yashi mai laushi, wani kuma roba ce da ake zubawa ta daskare. Ya fi iska kai zafi nesa ba kusa ba, don haka yana kwashe zafi daga taransista da koyil ya baza shi zuwa kwanko, ya kuma tsare danshi da girgiza. Amma iyakarsa kwanko. Daga kwanko zuwa waje, sai dai farantin nan da iskar wurin, kamar kowane balas. Kuma in ya lalace ba ya gyaruwa, Dalma ba zai samu inda zai sa dalmarsa ba. Idan za ka saya wa layin tozo, abin da za ka karanta a jiki shi ne lambar tc da ta, da kuma ko yana da kariyar ƙarshen rayuwar ƙwai. Wanda ba a rubuta masa tc ba ko kaɗan, ka bar shi.