Saƙo daga Mile 12 zuwa Agege ba data ba sabis, zai yiwu?

Mai gyaran waya, Ikeja: Jama'a, jiya na faɗa a shago aka yi mini dariya, to bari in maimaita. Saƙo zai iya tashi daga Mile 12 ya isa Agege ba data, ba sabis, ko layi babu a wayar. Wayarka ta miƙa wa ta kusa da ita ta bulutut, waccan ta riƙe, mai ita ya hau danfo (bas ɗin haya), a Ojota ta miƙa wa wata, haka dai har ya shiga hannun mai shi.

Alhaji mai albasa, Mile 12: Kai yaro, bulutut ɗin da in na ajiye waya a rumfa na je bakin mota, abin kunnena sai ya yi shiru? Shi ne zai je Agege?

Mai gyaran waya: Gaskiya ne Alhaji, na yawancin wayoyi kamar mita 10 yake kaiwa da kyau. Amma ba shi zai yi tafiyar ba, mutane ne za su yi. Kamar dai ka ba direban tirela wasiƙa ya kai Sakkwato. Kuma an yi: masu zanga-zanga a Hong Kong sun yi amfani da manhajojin aika saƙo ba intanet, FireChat a 2014, sannan Bridgefy a 2019. Ko a nan Legas lokacin zanga-zangar EndSARS a 2020 matasa sun yi ta sauke Bridgefy saboda tsoron a yanke intanet.

Ɗaliba, Akoka: Yaya, ka haɗa abu biyu. A wurin zanga-zanga mutane dubbai ne kafaɗa da kafaɗa, saƙo na tsallakawa daga waya zuwa waya nan take. Ka ɗauki manhajar Bitchat da Jack Dorsey, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Twitter, ya fitar a 2025, tsallake 7 kawai saƙo ke yi ya tsaya. Lissafa. Daga Mile 12 ko Ketu ba zai kai ba. Abin da kake nufi shi ne waya ta ajiye saƙon ta yi yawo da shi, wannan kuwa sai an dace. Idan mai wayar ya nufi Ikorodu fa?

Ɗan acaɓa, Agege: Ni batirina nake ji. In bar bulutut a kunne wuni guda ina dakon saƙon wanda ban sani ba, da dare in biya kuɗin caji? Wa zai biya ni?

Mai gyaran waya: Ƙanwata, na yarda sai an dace, shi ya sa ba waya ɗaya ake ba ba, duk wadda ta gifta sai ta ɗauki kwafi. A Kenya a 2004 masu bincike daga jami'ar Princeton sun rataya wa jakunan dawa na'ura a wuya. In dabbobin suka haɗu na'urorin su yi musayar bayanai, mai bincike ya zo da mota kusa da guda ɗaya ya kwashe na sauran. A Indiya ma an yi DakNet, bas ce ke bi ƙauye-ƙauye tana kwashe saƙonni ta kai gari. Jakin dawa ya iya, balle gosulon Legas?

Hajiya mai abinci, Idi-Araba: Allah ya shirye ka, yanzu mu ne jakunan? Ni tambayata ɗaya: saƙona yana kwance a wayar kwandasta, ba zai buɗe ba?

Ɗaliba: Hajiya kin taɓo wurin. Ana kulle shi yadda sai wanda aka aika wa zai karanta, amma a 2020 masana a jami'ar Royal Holloway ta Landan sun nuna ana iya karanta saƙonnin Bridgefy, har wani ya yi shigar wani. Daga baya kamfanin ya sauya makulli. Ni dai ba zan tura lambar asusu ta nan ba.

Alhaji mai albasa: Ni abin da ya dame ni lokaci ne. Mota ta shigo da asuba, farashin buhu na sauyawa kafin hantsi. Saƙon da zai isa la'asar, ko gobe, ko ya ɓace a Oshodi, me zan yi da shi?

Mai gyaran waya: Alhaji ka tuna 14 ga Maris 2024, cikin azumi, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse ta wajen Kwaddibuwa? Ranar irin wannan ake tanadarsa.

Alhaji mai albasa: Na tuna sarai. Tura kuɗi ne ya gagare ni ranar, kira kuwa ya shiga. Bulutut ɗinka zai sa banki ya ga kuɗina?

Mai gyaran waya: Wannan kam a'a.

Ɗaliba: Kuma duk maganar nan sai in fasinjojin danfon suna da manhajar, a kunne. Yaya, a layinku na kasuwar waya ta Computer Village mutum nawa ke da ita?

Mai gyaran waya: Ni da yarona.

Alhaji mai albasa: To ka turo yaron da safe, akwai saƙon da zai kai mini Agege. Zan ba shi kuɗin danfo.